Theodor Kittelsen: Mutumin da Ya Yi wa Dodannin Norwe Fuska

Akwai wani zane da da wuya ka sami ɗan ƙasar Norwe da bai san shi ba. Tafki ne a tsakiyar daji da almuru, ruwan ya kwanta lumui, ganyen bado ya bazu a kansa. Can tsakiya wani abu ya ɗago kai. Kallon farko za ka ɗauka kututture ne da ciyawa ta lulluɓe, sai daga baya ka lura da idanu biyu masu ƙyalli sun kafe ka, ruwa kuma yana zobe-zobe a kewayensa, alamar yanzun nan ya ɓullo. Ba ka ganin haƙori ko farce, balle jini. Duk da haka wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai a bakin ruwa bayan faɗuwar rana ya san abin da zanen yake faɗa. Sunan halittar Nøkken, aljanin ruwa na tatsuniyoyin Norwe da ake cewa yana yaudarar mutane ya nutsar da su. Wanda ya zana shi a wannan siffa a 1904 shi ne Theodor Kittelsen.

Abin da ya ja ni ga labarin mutumin nan abu biyu ne da ba su dace da juna ba. A Norwe, idan aka ambaci troll, wato ƙaton dodon duwatsu da dazuzzuka, hoton da yake zuwa ran mutane galibi daga alƙalamin Kittelsen ya fito, ko sun san sunansa ko ba su sani ba. Amma shi mai alƙalamin ya yi kusan duk rayuwarsa yana fama da rashi, ya sayar da gidan da ya fi ƙauna, ya mutu ba shi da abin a-zo-a-gani. A wajen ƙasarsa kuwa har yau sunansa bai kai ko kusa da na Edvard Munch ba, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasarsu, wanda tsakaninsu shekara 6 ce kacal. Don a gane yadda aka yi haka, sai an fara duba halin da Norwe take ciki lokacin da aka haife shi.

Norwe ta yi kusan shekara 400 a ƙarƙashin sarautar Denmak. Da aka raba su a 1814, sai aka haɗa ta da Suwidin a ƙarƙashin sarki ɗaya, ba ta tsaya da ƙafarta sosai ba sai 1905. A tsawon wannan zamani harshen rubutu, da na coci, da na ofis, duk harshen Denmak ne. Masu ilimin ƙasar suka shiga tambayar kansu: to mu mene ne namu? Amsar da suka samu tana bakin manoma da masunta da tsofaffin ƙauye. Abokai biyu, Peter Christen Asbjørnsen da Jørgen Moe, suka bi sawun 'yan'uwan nan na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka riƙa shiga ƙauyuka suna sauraron tatsuniyoyi suna rubutawa, suka fara bugawa daga 1841. Cikin hikimarsu, sun bar kalmomin mutanen karkara da yanayin maganarsu a cikin rubutun, abin da ya taimaka wajen karkato da harshen rubutu zuwa ga yadda 'yan ƙasa suke magana. Saboda haka littafin tatsuniya a Norwe ta wancan lokaci al'amari ne na ƙasa, kuma duk wanda aka ba aikin yi masa zane an ɗora masa kaya mai nauyi.

An haifi Kittelsen ranar 27 ga Afrilu, 1857, a Kragerø, wani ƙaramin garin bakin teku a kudancin ƙasar. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara 11, ya bar uwa da 'ya'ya 8 cikin ƙunci. Dole yaro ya fita neman na kansa, har ya zama ɗan koyo a shagon mai gyaran agogo. Yana da kimanin shekara 17 wani mai hali, Diderik Maria Aall, ya ga zane-zanensa ya ɗauki nauyin karatunsa, da farko a makarantar zane ta Wilhelm von Hanno a Kristiania, birnin da yanzu ake kira Oslo, sannan daga 1876 a Munik ta Jamus, inda matasan masu zane na Norwe suke tururuwa a lokacin. A 1879 hannun Aall ya gaza, tallafi ya yanke. Daga nan Kittelsen ya koma ci da zanen barkwanci da yake sayar wa jaridu da mujallun Jamus. Ya sami ɗan tallafin gwamnati ya je Paris a 1882, bai ji daɗin zaman ba, ya sake komawa Munik.

Wannan wahala ta bar masa alama biyu. Ta farko, ya zama mai gani da idon talaka. Tun a 1879 ya yi wani babban zane na yajin aiki, inda ma'aikata suka tsaya cirko-cirko a gaban masu masana'anta da ke zaune, kuma ana lissafa shi cikin zane-zanen farko da wani ɗan Norwe ya yi a kan gwagwarmayar ma'aikata. Ta biyu kuwa, aikin jarida ya gogar da hannunsa wajen alƙalami da tawada, ya koyi yadda ake kama halin mutum da 'yan layuka kaɗan, ya iya sa fuska ta ba da dariya da tsoro lokaci guda. Abin da ya ɗauka a matsayin aikin neman abinci shi ne ya shirya shi ga aikin da ya fito da sunansa.

Ƙofar ta buɗe ne ta hannun abokinsa Erik Werenskiold, wanda ya riga shi fara yi wa Asbjørnsen zane. Werenskiold gwani ne wajen zana mutane. Shi ya mai da sarkin tatsuniya ya koma kamar wani babban manomi mai tumbi da ke tsaye a ƙofar gidansa, siffar da 'yan Norwe suka karɓa hannu bibbiyu domin irin sarkin da baƙauye zai iya kwatantawa ke nan. Amma ya gane cewa akwai wanda ya fi shi kusa da duniyar dodanni, sai ya gabatar da Kittelsen ga Asbjørnsen a 1881. Su biyun suka yi babban kaso na zanen littafin tatsuniyoyin yara mai juzu'i 3 da ya fito tsakanin 1883 da 1887. Asbjørnsen ya rasu a 1885 aikin bai kammala ba, Moltke Moe, ɗan Jørgen Moe, ya ci gaba da shi. Ina ganin halin da Werenskiold ya nuna abin yabo ne. Ba kowane mai sana'a ne yake cewa "ga wanda ya fi ni iya wannan ɓangare" ba, ballantana a aikin da ake biya.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce zuciyar maganar. Tatsuniya ba ta cika siffanta dodo dalla-dalla ba. Takan ce ƙato ne, wani mai kai 3, wani 6, wani 9, wasu uku suna karɓa-karɓar ido ɗaya, suna jin warin ɗan Adam daga nesa, idan rana ta haska su sai su fashe ko su zama dutse. Sauran kuwa an bar wa mai sauraro ya cika da tsoronsa. Duk wanda ya girma yana jin labarin Dodo a bakin kaka ya san haka, domin Dodon da yake kansa ba irin na ƙaninsa ba ne, alhali a tabarma ɗaya suka ji labarin. Mai zane ba shi da wannan dama. Dole ya yanke hukunci: ina hanci zai tsaya, wace irin fata, wane irin tsayi. Idan ya bayyana komai fili, tsoro ya gudu, abin ya koma mutum mai kumburarren jiki. Idan ya ɓoye komai, bai yi zane ba.

Dodannin Kittelsen na farko, waɗanda ya zana yana ƙasar waje, sun fi kama da ƙattin ƙauye marasa wayo, masu dogon hanci da gashi buzu-buzu. Sun dace da labaran da ya yi musu, musamman na Askeladden, autan gida mai zaman bakin murhu yana tonon toka, wanda yayyensa suke rainawa amma shi ke yin nasara a ƙarshe, kusan matsayin Auta a namu labaran. A ɗaya daga cikinsu yaron ya matse curin cuku har ruwa ya fito, ya ce wa dodo dutse ne, kuma haka zai matse shi in bai shiga hankalinsa ba. Da suka zo gasar cin abinci, ya rataya jaka a gabansa yana zuba abincin a ciki, da ta cika ya farke ta da wuƙa, ya ce wa dodo shi ma ya yi wa cikinsa haka in yana son ya ƙara ci. Dodo ya bi shawara ya hallaka kansa. Irin wannan labari yana son dodo mai ƙarfi da wauta, kuma Kittelsen ya ba shi. Sai dai da a nan ya tsaya, da bai wuce ƙwararren mai zanen littafin yara ba.

Abin da ya canza shi komawa gida ne. A 1887 ya bar Jamus gaba ɗaya, kewar ƙasarsa ta ishe shi, aljihu kuma babu komai. Ya bi 'yar'uwarsa da mijinta zuwa Skomvær, wani ɗan tsibiri a can ƙarshen tsibiran Lofoten, a yankin sanyi na can arewacin duniya da ake kira Aktik, inda mijin yake kula da hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora. Wuri ne da babu komai sai dutse da teku da tsuntsaye, da rani rana ba ta faɗuwa, da hunturu kuma da ƙyar take leƙowa. Ya zauna a yankin kusan shekara 2. A can ya fara rubuta nasa kalaman a gefen zanensa, a can kuma ya koyi abin da ya zama hatiminsa: idan ka daɗe kana kallon dutse a cikin hazo, dutsen zai fara kallonka. Zanensa na 1888 mai suna Ekko, wato amsa-kuwwa, yana nuna 'yan mutane a ƙaramin kwale-kwale, sama da su kuma wata fuska tana fitowa daga jikin tsauni da hazo. Littafinsa Troldskab na 1892 cike yake da irin waɗannan halittu na teku da daji, har da draugen, fatalwar masuncin da ya nutse, mai yawo a rabin jirgi.

Mafitar da ya samo ga matsalar da na ambata ke nan. Maimakon ya ƙirƙiro dodo ya ajiye shi a daji, sai ya sa dajin kansa ya miƙe tsaye. Dubi dodon dajin da ya zana a 1906: kansa ya zarce dogayen itatuwa, bishiyoyi sun tsiro masa a ka, gansakuka ta rufe jikinsa, ido ɗaya yana haske kamar wata, ba ka iya cewa ga inda tsauni ya ƙare ga inda halitta ta fara. Ta haka ya bar wa mai kallo rabonsa na aikin, kamar yadda mai ba da tatsuniya yake bari. Kuma ya bayyana wani abu game da asalin labaran su kansu. Mutanen da suka fara ba da labarin troll manoma ne da makiyaya da masu saran itace da suke dawowa gida cikin duhu, suna ganin tushen itacen da iska ta tumɓuke kamar hannu, suna jin kukan ƙanƙara a kan tafki. Kittelsen ya koma inda suka tsaya ya ga abin da suka gani. Shi ya sa 'yan ƙasarsa suka amince da dodanninsa nan take, kamar sun daɗe da sanin su.

Akwai mai cewa duk wanda ya yi wa abin tatsuniya fuska ya ƙuntata tunanin yaran da za su zo, domin daga ranar kowa dodo ɗaya zai riƙa gani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma gumakan roba masu dogon hanci da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a shagunan Bergen da Oslo shaida ne. Amma waɗannan sun kwashi hanci da gashi ne suka bar dajin. A zanen Kittelsen na ainihi, rabin halittar kullum a ɓoye take.

Aikinsa mafi nauyi a wurina ba na dodanni ba ne ma. A 1889 ya auri Inga Kristine Dahl, suka zauna na ɗan lokaci a tsibirin Skåtøy kusa da garinsu. A can ya haɗu da wata tsohuwa, 'yar ƙarama, ramammiya, ta ranƙwafa, fuskarta ta ɗashe, wadda mutanen wurin suke yi wa laƙabi da Pesta. Sunan yana da tarihi. A 1349 annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta shigo Norwe, bisa abin da aka rubuta ta hanyar wani jirgin ruwa daga Ingila da ya tsaya a Bergen. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa daga kashi ɗaya cikin uku har zuwa fiye da rabin mutanen ƙasar sun mutu, gonaki da yawa suka koma kufai. A bakin mutanen karkara annobar ta zama tsohuwa mai suna Pesta, tana bin gari-gari riƙe da manjagara da tsintsiya. Inda ta ja manjagara, wasu sukan zille ta tsakanin haƙoranta su tsira. Inda ta sa tsintsiya, ba ta barin kowa.

Tsakanin 1894 da 1896 Kittelsen ya zana jerin hotunan wannan labari cikin baƙi da fari, ya haɗa su da gajerun rubuce-rubucensa, littafin Svartedauen bai samu fitowa ba sai 1900. Abin lura shi ne yadda ya ƙi nuna tarin gawawwaki da kururuwa, ya zaɓi shiru. Wani hoton sunansa maganar yaro ce kawai: "Inna, ga wata tsohuwa nan tafe." Wani kuma gawar wani matalauci ce a gefen hanyar daji, ba mai binne shi, hankaki sun sauko. Akwai na tsohuwar majami'ar da daji ya cinye bayan mutanen ƙauyen sun ƙare, beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, ta mai da wurin ibada makwancinta, labarin da ake dangantawa da cocin katako na Hedalen. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na matakala. An zana shi daga sama, kamar kai ne kake tsaye a bene, Pesta tana hawowa, ta ɗago kai ta zuba maka ido. Ya sa mai kallo a wurin wanda aka zo ɗauka, kuma babu wata hanyar sauka sai ta gabanta. Mutumin da ya rasa uba yana yaro, ya ga yadda gida yake watsewa, shi ne zai san cewa abin tsoro a annoba shi ne gidan da hayaƙi ya daina tashi daga cikinsa. A shekarun 1990 wasu mawaƙan Norwe masu kiɗa mai tsananin amo sun ɗora waɗannan hotuna a bangon faya-fayansu, kuma ta wannan hanya ce matasa da yawa a wasu ƙasashe suka fara ganin aikinsa.

Shekarunsa mafi albarka ya yi su ne a yankin Sigdal. Ya koma Eggedal a 1896, inda abokinsa mai zane Christian Skredsvig yake zaune, sannan a 1899 iyalin suka tare a gidan da suka gina a bakin tafkin Soneren, suka sa masa suna Lauvlia. Shi da kansa ya yi wa gidan ado da sassaƙa da fenti. Daga can yana hango tsaunin Andersnatten, wanda ya zana sau da dama. A 1900 ya yi jerin hotuna 12 na tafiyar Askeladden zuwa fadar Soria Moria. Mafi shahara a ciki yana nuna yaron ya ba mu baya, jaka a kafaɗa, sanda a hannu, yana tsaye a kan tsauni, can nesa bayan duwatsu masu shuɗi wani abu yana walƙiya kamar zinariya. Ba a nuna fadar sosai ba, haskenta kawai. Dabarar dai ita ce ta tafkin nan.

Yana da wani ɓangare na barkwanci mai cizo, inda ya sa kwaɗi da fara da ƙwari suna kwaikwayon manyan mutane da girman kansu. Kuma a 1907 zuwa 1908 Sam Eyde, wanda ya kafa kamfanin Norsk Hydro a 1905, ya ba shi aikin zana yadda aka tare ruwan Svelgfoss kusa da Notodden don samar da lantarkin yin takin zamani. Mai zanen aljanun ruwa ke nan aka kira ya zana ranar da injiniyoyi suka ɗaure ruwan. Ya karɓa, ya yi aikin da salonsa na tatsuniya. Mai 'ya'ya 9 ba ya mai da aikin kuɗi.

Wannan ya kai mu ga dalilin talaucinsa. A kasuwar zane ta wancan zamani daraja da kuɗi suna wurin manyan hotuna na fentin mai, waɗanda ake ratayawa a zaurukan baje koli attajirai su saya. Ƙarfin Kittelsen kuwa yana wurin alƙalami da fensir da fentin ruwa a kan takarda, aikin da ake ɗauka na biyu a daraja, ana kiran mai yin sa mai zanen littafi kawai. Maɗaba'a takan biya mai zane ladan aikinsa, littafi kuma ya ci gaba da yawo gida-gida shekara da shekaru. Ga shi ya zaɓi zaman karkara nesa da Kristiania, inda ake ƙulla abota da masu sharhi da masu saye, lokacin da 'yan zamani suka karkata ga sababbin salo daga Paris. Hanyar da ta kai hotunansa ɗakin kowane yaro ita ce ta hana su tsada. Munch ya bi ta Balin da Paris ya shiga tarihin zanen duniya. Kittelsen ya bi ta littafin yara, cikin harshen da mutane kaɗan ke ji, kuma rabin ma'anar hotunansa tana jingine da labaran da baƙo bai sani ba.

Girmamawa ta zo, amma a makare. A 1908 aka ba shi lambar girma ta Sant Olaf. A 1910 rashin lafiya da ƙarancin kuɗi suka tilasta masa sayar da Lauvlia, iyalin suka koma kusa da babban birni, daga baya suka zauna a tsibirin Jeløya kusa da Moss. A 1911 aka yanka masa albashin da gwamnati ke ba masu fasaha, a shekarar kuma ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, Folk og trold, ma'ana mutane da dodanni. Hannunsa bai mutu ba ko a wannan hali. A 1911 ya zana tsohon dodon da ya zauna ya yi tagumi yana ƙoƙarin tuna shekarunsa, ya daɗe a zaune har itatuwa sun tsiro masa. A 1912 ya zana gimbiya a kan farar beyar, riƙe da kambin zinariya, suna ratsa baƙin daji. Duka biyun ya yi su ne bayan ya rabu da dajin Sigdal, daga abin da ya rage masa a ka.

Ya rasu ranar 21 ga Janairu, 1914, a Jeløya, yana da shekara 56. Hotunan annoba da na Soria Moria suna Gidan Tarihi na Ƙasa a Oslo, akwai wani tarin aikinsa a gidan tarihi na Blaafarveværket da ke Modum, gidan da ya tashi a Kragerø kuma ana shiga a gani. Lauvlia, gidan da ya sayar ba da son ransa ba, shi ma yanzu gidan tarihi ne. Sassaƙar da ya yi da hannunsa tana nan, Andersnatten kuma yana tsaye a ƙetaren ruwa inda ya bar shi.